'Yata tana rubuta labari da Hausa, babanta ya ce ta daina

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. 'Yata shekararta tara, tana aji huɗu na firamare. Na saya mata littattafan labarai na Turanci har guda biyar, suna nan sun yi ƙura. Kwanaki na ɗauko littafin lissafinta, sai na tarar ta cika shafukan baya da labarin wata kyanwa da ta ƙi yin wanka, kuma da Hausa ta rubuta. Babanta ya ce wannan ne zai hana ta iya Turanci, tunda a makarantarsu ma tara ake cin duk wanda aka ji yana Hausa. Ni kuwa raina bai kwanta ba. In hana ta? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki hana ta. Ki saya mata littafin rubutu nata na kanta, na lissafin ya huta.

Na daɗe da alli a hannu, kuma abin da aji ya koya mini shi ne sau ɗaya yaro yake koyon karatu. Ranar da ya gane cewa baƙaƙen nan sauti ne aka ɗora a takarda, cewa in an jera su magana ce take fitowa, to ya haye. In ya koma wani harshe, kalmomi zai nema, ba sabon karatu ba. Rubutun bokon Hausa kuwa yana da sauƙin kamawa, don galibi yadda ka furta haka za ka rubuta. Turanci ba haka yake ba: "though" da "through" da "tough" duk ƙarshensu ɗaya a ido, amma kowanne da furucinsa. Yarinyar da ta iya shirya labari mai farko da tsakiya da ƙarshe ta riga ta mallaki abin da malamin Turanci zai nema a wurinta ranar rubuta insha'i.

Ba ra'ayina ba ne kawai. Tun 1953 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka gwada abin: yara suka yi shekara shida na firamare ana koya musu darussa da Yarbanci, Turanci kuma darasi ne mai zaman kansa. Ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Tsarin ilimin Najeriya na 1977 ya tanadi harshen uwa ko na yankin a shekarun farko na firamare. A 2022 aka faɗaɗa shi zuwa shekara shida, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan. Gwamnati ta yi gaba ta yi baya, amma ba ta taɓa hana uwa ba 'yarta takarda da fensir a gida ba.

Maigidanki ma yana da tasa gaskiyar, kada ki yi masa gardama a gaban yarinya. Jarrabawar WAEC da ta JAMB da Turanci ake yin su. Sai dai ki duba littattafan nan biyar. Buɗe shafi ɗaya ki sa ta karanta a bayyane. In ta yi tuntuɓe da kalma biyar kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinta, ba lalaci ba ne. Nemo mai hotuna da gajerun jimloli, ku zauna tare minti goma kullum, ke shafi ita shafi, sannan ta ba ki labarin da Hausa. A nan za ki gane ko ta fahimta ko haddar sauti take yi. Sannan, ki yi haƙuri da tambayar, yaushe rabon da ta gan ki riƙe da littafi ba waya ba?

Maganar cin tara kuwa, ni ma na taɓa sa monita ya rubuta sunayen masu Hausa a wata makaranta da na koyar. Turancinsu bai ƙaru ba, shiru suka koya. Yaron da ya fi kowa tambaya ya daina ɗaga hannu har ƙarshen zangon, kuma har yau abin yana cin raina.

Abu ɗaya nake roƙon ki: kada jan biro ya taɓa labarinta. In ta rubuta "daki" tana nufin ɗaki, ko "kafa" a madadin ƙafa, bari sai kin gama yaba mata, sannan ki nuna mata ƙugiyar harafi ɗaya tak a ranar. Ki sa ta karanta wa babanta da dare, ta zana kyanwar, ta rubuta jimla ɗaya ta Turanci a ƙarƙashin zanen, shi ya duba mata. In ta kammala, ki turo mini. Ina son in ji ko kyanwar nan ta yi wankan.