Tambaya da Amsa: Zuwa baje koli neman kayan Hilux

Tambaya: Salam Malam, Hilux gare ni, ina son shiga yashin bakin ruwa wajen Lekki, in je baje kolin Legas zan samu kaya? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Je ka, a dandalin Tafawa Balewa ake yi duk Nuwamba, amma kasuwar kowa da kowa ce, ba ta 'yan mota kaɗai ba, saboda haka zaga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, tukuna ka ji farashi kar a yanke ka. Taya kuwa duba lambobi huɗun nan na gefenta, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, misali 2324 na nufin sati na 23 a 2024, tsohuwa ko da kyalli bar musu kayansu. Ni dai igiyar jan mota da famfon iska zan fara saya, don a yashi sai ka rage iskar taya, in ka hau kwalta ka mayar.