Python kaɗai zai ishe ni? Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Jamus

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Ka ce kana shirin zuwa nan yin digiri na biyu a fannin kwamfuta, kuma wani ya ce maka in ka iya Python shikenan, komai da shi za ka yi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma fa da saura.

Tun 1991 Guido van Rossum ya fito da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, kuma sauƙinsa ne ya sa kowa ke rububinsa. Shafin intanet da Django (kayan aikin gina shafi na Python), nazarin bayanai, AI, 'yan ƙananan ayyukan ofis, duk yana yi. Amma manhajar waya ba hurumin sa ba ce, can yaren Kotlin ne a Android, Swift a iPhone. Ga kuma jan ƙafa, NumPy ɗin nan, kayan lissafin Python da ake ta yabo, ai da yaren C aka rubuta nauyin aikinsa, Python yana zaune ne kamar maigida yana aike, yaran shago na ɗaukar buhu.

Ni ma haka na sauka da Python ɗina ina ji da kaina, sai na fara duba tallan aikin ɗalibai, wanda suke kira Werkstudent, na ga ana neman yaren Java ta ko'ina, masu motoci na Stuttgart da Munich kuma C da C++ suke nema, kamfanin manhaja na SAP da ke Walldorf har nasu yaren gare su, ABAP. A wata intabiyu aka tambaye ni yadda kwamfuta ke raba ma'ajiyarta in shiri yana gudana, wallahi zuru na yi, don Python ya saba yi min wannan a ɓoye.

Ga abin da za ka yi kafin biza ta fito. Ɗauki littafin bashin shagon Baba ka mayar da shi manhaja da Python, sannan ka sake rubuta shi da Java. Za ka ga in ka ɗebe lamba daga rubutu bisa kuskure Java ba zai ma bari ka kunna ba, Python kuwa sai ya iso layin yake faɗuwa, wata ƙila a gaban kwastoma. Ka turo min duka biyun ta GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, in duba.

Jamusancin ma kar ka ajiye shi sai ka zo, ka fara yanzu. Ka gaida Hajiya.