Jadawali mafi wuya a tarihi? Malam, a yi hankali da wannan magana

Malam, ka tambaya ko jadawalin da jami'arku ta samu bana a zari-ruga irin ta Amurka shi ne mafi wuya a tarihi, tunda za ku kara da ƙungiyoyi da dama da ke cikin jerin 25 na sama. Na daɗe ina bin wannan gasa, kuma kusan duk kaka sai an yi wannan iƙirari.

Matsayin da ƙungiya take kai ranar wasa ba abin dogaro ba ne. A watan Satumba, farkon kaka, sunan ƙungiya ake saya. Sau da yawa wadda aka ɗora a ta 8 kafin Disamba ta ɓace daga jerin gaba ɗaya. Ni inda abokan karawa suka ƙare kaka nake dubawa.

Da wannan ma'auni, Notre Dame ta 1943 nake ba wa tuta. Ƙarƙashin koci Frank Leahy ta doke Iowa Pre-Flight da Michigan da Navy, waɗanda suka ƙare a matsayi na 2 da na 3 da na 4 a jerin AP, wato jerin gwanaye na kamfanin dillancin labarai na Associated Press. Wasa ɗaya ta rasa, na ƙarshe, a hannun Great Lakes da ci 19 da 14, ita ma Great Lakes ɗin ta 6 ta ƙare. Lokacin yaƙin duniya ne, sansanonin soja na da ƙungiyoyinsu, irin su Iowa Pre-Flight da Great Lakes, cike da ƙarti waɗanda tuni suka gama jami'a, wasu har sun buga wasa na kuɗi.

In wahalar jiki kake nufi, Sewanee ta 1899 ta buga wasa biyar cikin kwana shida, duk a waje, tana yawo a jirgin ƙasa, kuma babu wadda ta ci ta ko maki ɗaya. Sai dai wasan wancan zamani daban ne, ko jefa ƙwallo gaba ba a halatta ba sai 1906.

A namu zamanin LSU (jami'ar jihar Louisiana) ta 2019 ce: wasa 15 ba faɗuwa, ciki har da Alabama a gidanta, sannan Clemson a wasan ƙarshe. Ita kuwa BYU (jami'ar Brigham Young) ta 1984, da ta ɗauki kambu bayan doke Michigan mai nasara 6 kacal, har yau ana yi mata gorin jadawali mai laushi.

Ka jira Janairu, ka ƙirga nawa daga cikin abokan karawarku suka rage a jerin, sannan mu sake zama.