Shin sake saitin ƙwaƙwalwar injin babur yana ƙara masa ƙarfi da gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ina zaune a Agege, ina sana'ar kai saƙo da babur ɗan tokumbo mai cc 250, irin mai injekta, wanda iska ce ke sanyaya injinsa. A watan jiya wani makanike ya jona masa laftof, ya ce ya sake masa saitin ƙwaƙwalwa, ƙarfinsa zai ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, shan mai kuma zai ragu. Gaskiya babur ɗin ya fi zabura da zarar na murɗa totur, mai ma yana ɗan jimawa. Sai dai yanzu in na shiga cunkoso zafin injin har cinya yake gasa mini, in na ɗauki kaya ina hawan gada nakan ji wata ƙara ƙas-ƙas daga ciki, kuma da na kwance fulogi na tarar bakinsa fari fat. Na koma wurinsa, ya ce alamar ƙarfi ce. Da babur ɗin nan nake ciyar da iyalina, ban ma gama biyan kuɗinsa ba. Shin ƙarfin da ake cewa ana samu gaskiya ne, ko kuwa an cuce ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko shi ne ka ajiye babur ɗin nan, kada ka sake ɗaukar kaya da shi sai an mayar masa da saitinsa na asali, domin alamomi ukun da ka lissafa duk abu guda suke nunawa, kuma ba ƙarfi ba ne.

Ƙarin ƙarfin da ake samu gaskiya ne, amma kaɗan ne. Injin da ba shi da tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), wanda da kansa yake zuƙar iska, iyakar ƙarfinsa tana ga yawan iskar da ke iya shiga silinda, wannan kuwa girman silinda da bawul da kam ne suke yanke shi, ba laftof ba. Abin da ƙwaƙwalwar, wadda makanikai ke kira biren bos, take iko da shi shi ne yawan man da injekta ke fesawa, da lokacin da fulogi ke ba da wuta, da iyakar juyin inji. Idan gwani ya daidaita waɗannan a kan injin da ba a taɓa komai nasa ba, abin da yake samu bai cika wuce 'yan kashi kaɗan cikin ɗari ba. Ka ɗauka babur yana da ƙarfin doki 25 aka ƙara masa kashi 5, to doki ɗaya da rubu'i ke nan. A wajen gudu ma abin ya fi haka ƙanƙanta, saboda iskar da ke tare babur tana cin ƙarfi ninkin-ba-ninkin yayin da gudu ke ƙaruwa: kafin gudun ƙoli ya ƙaru da kashi 10, sai ƙarfi ya ƙaru da wajen kashi 33. Kashi 5 na ƙarfi ba zai ba ka ko kashi 2 na gudu ba. Labarin kashi 20 ko 30 da ake yaɗawa daga motoci masu tabo aka kwaso shi, inda kwamfuta ke iya umartar tabo ya ƙara tura iska, kuma baburan kasuwa masu na'urar cusa iska ƙalilan ne ƙwarai, kamar Kawasaki H2 da ya fito a 2015.

Akwai wuri guda da ake samun ƙari mai yawa, wato baburan da tun daga kamfani aka daƙile su da gangan. A Turai mai lasisin A2 ba ya tuƙa babur da ya wuce kilowat 35, kimanin doki 47, saboda haka akan sayar da babur irin Yamaha MT-07, wanda ƙarfinsa ya haura doki 70, a daƙile. Idan irinsa ya sauka tashar jiragen ruwa ta Apapa aka kwance masa takunkumi, mai shi zai ji bambanci sosai, amma ƙarfin da dama yake ciki ne aka sako. Naka mai cc 250 bai kai wannan iyaka ba, don haka babu abin da aka ɓoye masa. Su kuwa 'yan'uwanmu masu Boxer da sauran baburan acaɓa masu kafireta, babu wani saitin mai na kwamfuta a cikinsu da za a sake, duk wanda ya jona musu laftof ya karɓi kuɗi wasan kwaikwayo ya yi musu.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya same ka, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu makon da ba na cin karo da shi: cewa wai ana iya rage wa inji mai, ƙarfinsa kuma ya ƙaru. Wannan magana ta kashe injuna da yawa a garin nan, kuma masu yaɗa ta ba su san lissafin da suke wasa da shi ba. Fetur yana ƙonewa tsaf idan aka haɗa awo 14.7 na iska da awo 1 na mai. Amma inji ba a nan yake ba da ƙarfinsa na ƙoli ba, sai an ƙara masa mai har haɗin ya sauko wajen 12.5 zuwa 13. Kamfanoni sukan riƙe babur a 14.7 lokacin tafiya a hankali domin cika dokokin hayaƙi irin su Euro 4 da Euro 5, amma da zarar an buɗe totur gaba ɗaya sai ƙwaƙwalwa ta ƙara mai. Wannan rarar man ba asara ba ce, ita ce ke ɗauke zafi daga kan fistin da bawul ɗin fitar hayaƙi yayin da take zama tururi. Gwanin da ke neman ƙarfi da lafiyar tafiya yawanci ƙara mai yake yi a wuraren da kamfani ya tsuke, shi ya sa aikin da aka yi da kyau ba ya rage shan mai, sau da yawa ma ƙara shi yake yi. Wanda ya yi maka alkawarin biyun a lokaci guda, ɗaya daga ciki ƙarya ce, ɗayan kuma da fistin ɗinka za ka biya shi.

Daga bayaninka, abin da ya fi kama da gaskiya shi ne mutumin nan ya zaftare mai a ko'ina, sannan ya matso da lokacin wuta gaba. Matso da wuta yana sa babur ya amsa totur da sauri a ƙananan giya, wannan ce zaburar da ta burge ka. A manyan babura masu totur na lantarki akwai wata dabarar ma: a sa rubu'in murɗawa ya buɗe kamar rabi, mai babur ya yi ta murna, alhali in ya murɗe duka ƙarfin yana nan yadda yake. Wasu kuma sukan sa sabon fulogi, su wanke matatar iska, su ɗaure sarƙa, sai laftof ya kwashe yabon da sabis ya cancanta.

Ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan, mai kama da tsakuwa a cikin gwangwani, ita ta fi tayar mini da hankali. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar haɗin mai da iska da wutar fulogi ba ta kai gare shi ba yakan fashe da kansa, kuma kowace fashewa duka ce a kan fistin. Fistin alminiyam ne, alminiyam kuwa yana narkewa a wajen digiri 660, tun kafin ya kai nan ma ya riga ya yi laushi. Na sha kwance kan injin da aka yi wa irin wannan aiki: saman fistin ya yi ƙuraje kamar an caccaka shi, gefen da ke riƙe ringi na sama ya gutsure, a bakin fulogi akwai ƙananan ɗigo masu ƙyalli, narkakken alminiyam ne da ya fantsama. Wanda ya ci gaba da hawa, rami ne yake ɓullowa a tsakiyar fistin, baƙin mai ya ƙone, inji ya buga. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙara ta ja wuta baya, amma yawancin ƙananan babura ba su da ita, za su ci gaba da dukan kansu har su mutu.

Legas kuma tana ƙara wa abin muni ta hanya biyu. Injinka ba shi da lagireto, iskar tafiya ce kaɗai ke sanyaya shi, ga shi kuma kana shafe lokaci mai tsawo kana rarrafe a cunkoson Oshodi ko Ikorodu Road da akwatin kaya a baya, cikin zafin rana. Na biyu shi ne mai. Yawancin fayilolin da ake saukowa da su daga intanet an tsara su ne don fetur ɗin Turai mai ma'aunin oktan 95 ko 98 (ma'aunin yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba), a ƙasa mai sanyi, galibi ma don babur da aka canza wa salansa. Namu bai kai wannan ma'auni ba, balle wanda ake saye a galan a bakin titi, kuma ba mu manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022 ba, mai yawan sinadarin metanol, wanda ya lalata ababen hawa a Legas da Abuja. Kamfani ya san babur ɗinsa zai sha mai iri-iri, shi ya sa yake barin tazara a lokacin wuta. Wannan tazarar ce mutuminka ya sayar maka da sunan ƙarfi.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne babu ɗaya daga cikin masu wannan sana'a ta bakin titi da ke auna komai. Aikin gaskiya ana yin sa ne a kan daino, na'urar da ake ɗora tayar baya a kan ganga mai juyawa, a zura ma'aunin iskar oksijin a salansa, a gwada babur kafin a taɓa shi, a sake gwadawa bayan an gama, a rana ɗaya a kan na'ura ɗaya, a ba mai babur takardar da ke nuna ƙarfi da haɗin mai a kowane juyi. Wanda ba shi da waɗannan cinta kawai yake yi, ko da laftof ɗinsa ta kai nawa. Hujjarsu kullum ita ce "ka hau ka ji", kunne da ƙugu kuwa ba sa auna doki ɗaya, musamman in an huda salansa ƙara ta cika unguwa. Har akwai masu ce wa yara za su mayar musu da 150 ya koma 200 domin su hau manyan tituna, tun da dokar sufuri ta jihar Legas ta 2018 ta hana baburan da ba su kai cc 200 ba bin manyan hanyoyi da gadoji. Cc faɗin silinda ne da tsawon tafiyar fistin, babu fayil ɗin da ke canza ƙarfe, kuma jami'in da ya tare ka takarda da lambar inji zai duba. Mutum ya bar iyalinsa a Arewa, ya ci bashin babur yana biya mako-mako, sannan wani ya karɓi kuɗinsa ya lalata masa jari yana ce masa zafi alamar ƙarfi ce, wannan cin amana ne, kuma masu yi su ji tsoron Allah.

Ka koma wurinsa ka nemi ya mayar da fayil ɗin asali, in har ya adana shi kafin ya taɓa, wanda shi ne abin da duk mai sanin aiki yake fara yi. In bai adana ba, kada ka bari ya yi maka gyara a kan gyara. Ka nemi wakilin kamfanin babur ɗin, ko ka sayi biren bos ɗin tokumbo mai lamba daidai da taka, harafi da harafi. Bayan an mayar, a auna matsin silinda, a duba tazarar bawul, musamman na fitar hayaƙi wanda zafi ke tsukewa, a canza baƙin mai domin wanda ke ciki ya riga ya dahu, a sa sabon fulogi mai lambar da kamfani ya rubuta. A duba kuma robar da ke tsakanin totur da kan inji ko ta tsage, da famfon mai da injekta, saboda ɗigon iska ko raunin famfo su ma suna sa bakin fulogi ya yi fari. Bayan 'yan kwanaki ka sake kwance shi, kalar da ake so ita ce ruwan ƙasa mai haske. In matsin silinda ya faɗi ƙasa da abin da littafin babur ɗin ya ce, a buɗe kan inji yanzu, tun ana maganar fistin da ringi kawai.

In kuma jan kaya a hawan gada ne yake damunka, ka rage haƙori ɗaya a ƙaramin faifan sarƙa na gaba. Daga 14 zuwa 13 yana ƙara jan taya da kusan kashi 8 cikin ɗari, za ka rasa ɗan gudun ƙoli, injin zai riƙa juyi da ɗan yawa a doguwar hanya, kuma duk ranar da ka ga bai yi maka ba sai ka mayar da tsohon.