Zomo da ruwan sha: amsar tambayoyin masu kiwo

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Tunda zafi ya kunno kai tambayoyin da ake turo min kusan duk akan ruwan zomaye ne, toh bari in haɗa su in amsa.

Wani ƙanenmu daga Marwa yace: "Malam, wanda ya sayar min da zomaye yace kar in basu ruwa, wai ganye ya ishe su, in sun sha zawo zasu yi su mutu. Haka ne?"

Ba haka bane ƙanena, kuma wallahi wannan maganar ta kashe zomaye da yawa a gidajenmu. Zomo yana shan ruwa sosai, a ƙa'ida mililita 50 zuwa 150 ne akan kowane kilo na jikinsa a rana, kaga mai kilo 2 zai iya shanye kwatan lita, uwa mai shayarwa kuwa da bazara tana iya tashi da lita guda. Abinda yasa mutane suke ganin kamar baya sha, da damina ana basu ɗanyen ganyen dankali da ciyawa mai ruwa a jiki sai shansu ya ragu. Amma yanzu me kake basu? Harawa ce da dusa, duk busassu. Ga shi zomo baya gumi, ta kunnuwa yake fitar da zafi, da zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala, mu kuma nan daga Maris zuwa Mayu Marwa da Garwa da Kusiri sama da 40 muke gani. In bai samu ruwa ba zai daina cin abinci, kashinsa ya koma ƙanana busassu, hanji ya tsaya, shikenan sai a wayi gari a ganshi a miƙe. Uwar da ta haihu babu ruwa a gabanta nono baya zuwa, wani lokaci ma har 'ya'yan take cinyewa. Zawon da ake faɗa kuma ba ruwan ne ke kawo shi ba, ƙazantar da ke cikin ruwan ce.

Wata Hajiya daga Garwa tace ita biyu ne kawai na yara take ajiye dasu, wanne ruwa zata basu, na famfo ko na foraj (rijiyar burtsatse) ko ta dinga sayen na leda, dan na famfon wataran warin jabel (sinadarin kulorin) yake.

Hajiya, duk ruwan da kike sha kike baiwa yaranki shi zaki basu, basai kin kashe kuɗi akan na leda ba. Na famfon Camwater, kamfanin ruwa na Kamaru, ba matsala, sinadarin da ake sawa dan kashe ƙwayoyin cuta ne, in warin yayi yawa kiga suna ƙin sha ki tara a randa ki bari ya kwana, warin zai ragu kuma randar ta sanyaya shi. In famfo ya ɗauke ya dawo da ja ki bari ya zuba har ya washe tukuna. Foraj shima yanada kyau amma ki ɗanɗana, akwai wuraren da ruwan yake da gishiri-gishiri ko ɗanɗanon kanwa musamman can wajen tafkin Chadi, irin wannan zomo baya sha ya ƙoshi, gara a sirka da wani. Kar ki tsorata in kinga fitsarinsu fari-fari kamar da alli a ciki ko yayi ja-ja, haka nasu yake, sai dai in fitsarin yayi kauri zomon yana yunƙuri kafin ya fito, nan ne za'a nemi likitan dabbobi.

Wanda nafi jin tsoro shine ruwan mayo (wato rafi), da na kogin Binuwai, da kududdufi, da rijiyar da bata da murfi. In shi kaɗai ake dashi a tace da tsabtataccen ƙyalle a tafasa ya huce. Ruwan sama da ake tara daga kwano kuma a bar na farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye. Sannan dan Allah dan Annabi, mu da muke yankin auduga, jarkar da aka taɓa sa maganin feshi a ciki ba'a zuba ruwan sha a ciki, ko sau nawa aka wanke, ba na dabba ba, ba na mutum ba.

Wani ɗan uwa daga Njamena yace nasa kullum sai sun kifar da kwanon ruwan ko suyi kashi a ciki, ko ya sayi kwalbar nan mai bakin ƙarfe da ake ratayawa a keji?

Ɗan uwa a nan ne aikin yake, dan mafi yawan lokaci ruwan lafiyarsa ƙalau mazubin ne matsala. Zomo yafi shan ruwa da yawa a buɗaɗɗen mazubi akan kwalba, dan a kwalba ɗigo-ɗigo yake lasa ya gaji ya bari. Ni abinda nafi so shine kaskon ƙasa mai nauyi mai faɗin gindi, baya kifewa, basa iya gwaguyarsa kamar roba, kuma yana riƙe sanyi. Ka ɗora shi akan bulo ya ɗan ɗaga, nesa da kusurwar da suke kashi, dan ta kashi ne cutar kokisidiyosis take yaɗuwa, ita ce mai sa ƙanana zawo da kumburin ciki bayan yaye. A wanke kullum da soso, a canza ruwa safe da yamma. In ƙananan sun fara fitowa daga inda aka haife su wajen sati 3 a sa musu mara zurfi kar su faɗa.

Kwalbar ma tanada amfaninta, kashi baya shiga, kuma in zaka wuni kasuwa tana rufa asiri. Sai dai ɗan ƙwallon bakin yana maƙalewa kaga kwalba cike zomo na fama da ƙishi, saboda haka kullum ka taɓa bakin da yatsa kaga ruwa na fitowa, kuma kar rana ta dake ta dan ruwan zafi yake yi cikin ya yi kore. In da hali ka haɗa duka biyun.

Akwai wanda ya tambaya ko ya dinga sa ƙanƙara da ɗan maganin kaji a ruwan dan rigakafi. 'Yar ƙanƙara kaɗan da tsakar rana ba laifi, amma yafi amfani ka daskarar da gorar ruwa ka naɗe da tsumma ka ajiye musu su kwanta a jikinta. Magani kuwa a'a. Cikin zomo ba irin na kaza bane, amoksisilin da ampisilin da danginsu in ya sha ta baki suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani yayi zawo ya mutu, kuma ɗacin magani yana sa su ƙaurace wa ruwan gaba ɗaya. In zomo ya wuni bai ci ba bai sha ba, a kai shi inuwa a jiƙa masa kunnuwa da ruwa mai ɗan sanyi, a ɗiga masa ruwa a gefen baki da sirinji mara allura a hankali kar ya shaƙe, sannan a nemi likitan dabbobi a ranar, kar a bari ya kwana.