Koridoras ɗina sun rame, kuma sun ƙi yin ƙwai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da koridoras uku, ƙananan kifayen ado masu gashin baki kamar tarwaɗa, a tankin gilashi. Mai shago ya ce ba sai na ba su abinci ba, wai su ne masu sharar tanki. Yanzu sun rame, gashin bakinsu ya guntule, ƙwai kuwa ko ɗaya. Cuta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, yunwa ce da ƙazanta, kuma zancen mai shagon nan ne ya jawo. Kullum sai na ji shi, har ya ishe ni. Koridoras ba ya cin kashin kifi, ba ya kankare gansakukar jikin gilashi. A rafukan Kudancin Amurka inda ya fito, tsutsotsi da ƙananan ƙwari yake tonowa cikin yashi. Ka gan shi yana cusa baki a ƙasa, sai a ce maka shara yake yi, alhali bawan Allah abin kai wa baki yake nema. Masu sayarwa sun san haka sarai, amma “mai shara” ya fi saurin shiga kasuwa. In ya mutu ka koma ka sayi wani, ribarsu ce. Abincin da kake watsawa a sama kifayen sama ne ke wawushewa, shi sai ɗan ɓurɓushi. Ka nemi irin wanda ke nutsewa, ka zuba bayan ka kashe fitila, ka riƙa haɗawa da jar tsutsa.

Gashin baki kuma, tsakuwa mai kaifi da dattin da ya taru a ƙarƙashinta ne suka cinye shi. Ka sauya da yashi mai laushi, ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. Uku sun yi kaɗan, ka kai su shida.

Batun ƙwai sai sun murmure. Ka ajiye ruwan tsakanin digiri 22 da 26, sannan ka zuba sabo wanda ya ɗan fi sanyi, kamar na randa, mara sinadarin kulorin. Su a wurinsu damina ce ta sauka. Mace za ta riƙe ƙwai biyu zuwa huɗu a tsakanin fikafikan cikinta, ta je ta manna a jikin gilashi, ta dawo ta sake. Ka kwashe ƙwan ko ka fitar da iyayen, don suna cinyewa. Cikin kwana 3 zuwa 5 za su ƙyanƙyashe.