Hukuncin Raɗa wa Kyanwa Suna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba ɗiyata kyanwoyi biyu, mace da muzuru. Tana so ta sa wa macen Mu'izza, wai ta gani a waya cewa sunan kyanwar Manzon Allah (SAW) ke nan. Muzurun kuma ta ce Bilal, saboda baƙi ne. Mahaifinta ya ce sa wa dabba suna ɗabi'ar Turawa ce. Mece ce gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya shirya mana zuri'a.

Malama, sa wa dabba suna halal ne, kuma ba aron Turawa ba ne. Imamul Bukhari ya ware babi guda a Littafin Jihadi a kan sunan doki da jaki. A ciki ya kawo hadisin Mu'azu ɗan Jabal, wanda Annabi (SAW) ya goya a bayansa a kan wani jaki da ake kira Ufair. Taguwar Annabi sunanta Ƙaswa'u, alfadarinsa Duldul, dokin Abu Ɗalha kuma Mandub. Sai ki sanar da maigidanki wannan cikin ladabi.

Ita kuwa kyanwa tana da matsayi a gidan Musulmi. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, sannan ya ambaci faɗin Annabi cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku.

To, inda gizo ke saƙar shi ne zaɓen sunan. Haramun ne a sa wa dabba sunan Allah, ko na wani Annabi, ko kalmar zikiri, ko sunan Alƙur'ani. Haka ma sunayen sahabbai da iyayen muminai idan su ake nufi. Ki duba yadda ake ma'amala da kyanwa a gida: yau ta tura baki cikin tukunya ta sure kifi, gobe ta yi kashi a kan tabarma, a bi ta da tsintsiya ana tsine mata da sunanta. Yanzu a ce sunan ladanin Manzon Allah ne ke fita daga bakin mai tsinuwar? Zuciyar mumini ba za ta ɗauki wannan ba. Ga shi kuma yarinyar ta zaɓi Bilal ne don baƙin launi. Na san ƙuruciya ce, ba da mugun nufi ta yi ba, amma ki zaunar da ita ki ba ta labarin mutumin da aka ɗora wa dutse a ƙirji cikin ranar Makka yana cewa "Ahad, Ahad". Da kanta za ta canza.

Batun Mu'izza kuwa, labarin da ke yawo cewa Annabi yana da kyanwa mai wannan suna, har ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashe ta daga barci, bai tabbata a littattafan hadisi ba. Jingina wa Annabi abin da bai inganta ba babban haɗari ne, ko da labarin yana da daɗin ji. A bar sunan ya fi.

Akwai wata ɗabi'a a gidajenmu da nake so in ja kunne a kai: mace ta sa wa kyanwa sunan kishiyarta ko na uwar miji, ko wani suna na habaici, ta riƙa ƙwala kira a tsakar gida don mai sunan ta ji. Wannan cin mutunci ne, kuma Allah ya hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba a aya ta 11 ta Suratul Hujurat.

Ta kira su da launinsu ko halinsu: Fara, Zuma, Auta, Gajere. Ba a yanka, ba a taron suna, domin aƙiƙa ta ɗan Adam ce. Ta kuma kula da cinsu da shansu, don Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa.

Wallahu a'alam.